Ragon Sarkin Faransa

Munzali ya tarar da ragon ɗaure a gindin darbejiya, a tsakar gidan kawunsa. Fari ne tas, ƙahonsa ya murɗe, yana cin harawa.

Kawu Ɗantsoho ne ya aika a kira shi daga Daura zuwa ƙauyensu, gaba da Zango kaɗan. Harisu, ɗan Kawu da ke aiki a Paris, ya yi wa uban biza, tafiya ta matso. A duk dangin da ke gida Munzali ne kaɗai ya taɓa zama a Faransa, can ya yi karatu.

"Zauna," in ji Kawu. "Yaya ake sa rago a jirgi?"

"Ba a sawa."

"To yaya zai isa fada?"

"Wace fada?"

Kawu ya ciro waya ya kunna masa saƙon murya. Harisu ne yake cewa zai kai Baba Versailles, fadar Sarkin Faransa, su ga ɗakin madubai da lambun sarki, har ya riga ya kama musu rana da lokacin shiga.

Abin da Kawu ya ji shi ne an ba shi rana a fada. Washegari ya je yi wa Mai Gari sallama, kamar yadda kowane mai tafiya mai nisa yake yi. Mai Gari ya ce mutumin garinsa ba zai shiga gaban sarki hannu banza ba, ya sa aka kamo rago daga garkensa a gaban jama'a, ya ce a kai gaisuwarsa.

"Kawu, babu sarki a Faransa."

"Ya yi tafiya ne?"

"Babu shi sam. Shugaban ƙasa gare su."

"Mu ma muna da shugaban ƙasa. An rufe fadar Daura?"



"To wa yake cikin gidan?" Kawu ya tambaya.

"Ba kowa. 'Yan kallo ne. Tikiti ake yanka a shiga."

"Gidan sarki? Kamar gidan kallon ƙwallo?"

"Kusan haka."

"In babu sarki, wa ya ba ni rana?"

"Harisu ne ya latsa a waya."

Inna Talatu, matar Kawu, ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Lambun fa? Malam ya ce zai samo mini irin albasarsu."

"Inna, inda za su je itatuwa ne da aka yi wa aski, da ruwa mai tsiri sama, da gumaka."

"Me ake ci a ciki?"

"Ba a ci. Yawo ake yi."

Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta koma madafa.

Kawu ya gyara zama. "Tsaya. Mai gidan, ina ya tafi?"

"Talakawansa ne suka fito da shi. Daga baya suka sare masa kai."

Kawu ya waiga zaure da sauri. "Rage murya."

"Ai ya fi shekara ɗari biyu."

"Ko dubu ce. Rage murya."

Suka kira Harisu. Da ya ji labari sai da dariya ta sarƙe shi.

"Taubashi," in ji Munzali, "kai ka ɗaure ragon nan da bakinka. Zo ka kwance."

"Ku yanka ku ci mana! Wa zai sani?"

"Ragon Mai Gari?" in ji Kawu. "Ashe zaman Turai ya taɓa maka kai." Ya kashe wayar.

Ya zauna yana kallon ragon. In ya ci, ya ci amana. In ya mayar, dole ya faɗi dalili, gari ya yi dariya, kuma ba shi kaɗai za a yi wa ba, har da wanda ya ba da ragon. Dalilin kuwa ba abin da ake faɗa a gaban mai rawani ba ne.

Bayan la'asar Munzali ya goya shi a babur zuwa ƙofar Mai Gari. Suka tuɓe takalma, suka durƙusa. Dattawa suna zaune a tabarma. Munzali ya shirya bayani tun a hanya, amma Kawu ya dafe masa gwiwa ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, labari ya zo daga Faransa. Sarki ya rasu."

Zaure ya ɗauki salati. Mai Gari ya girgiza kai.

"Yaushe?"

Kawu ya dubi Munzali.

"An ɗan jima, ranka ya daɗe," in ji Munzali.

"Jinya ya yi?"

"A'a. Farat ɗaya ne."

"Me ya same shi?"

Kawu ya ƙara matse masa gwiwa.

"Wuya ne, ranka ya daɗe."

"Allahu akbar," in ji wani dattijo. "Haka ya ɗauke wana. Kumburi ya fara yi?"

"Ban samu bayanin ba, Baba."

"Wa aka naɗa?" Mai Gari ya tambaya.

"Kujerar tana nan babu kowa."

"Masu zaɓen sarki ke nan. Ko'ina haka suke, sai sun ja wa mutane rai." Mai Gari ya juya wurin Kawu. "Ɗantsoho, ba a kai gaisuwar sarauta gidan makoki. Tunda an ba ka rana, ka je. Duk wanda ka samu a ƙofa, ka ce ina yi musu ta'aziyya."

"An gama, ranka ya daɗe." Kawu ya sauke numfashi. "To ragon, in sa a dawo da shi?"

"A'a. Na riga na fitar da shi da sunan sarki, ba zai koma garkena ba. Riƙe shi wurinka. Ran da aka yi naɗi sai mu san yadda za a kai. Kada ka bari ya rame." Ya nuna Munzali. "Kai kuma mai jin yarensu, ka riƙa sauraron rediyonsu. Da sun naɗa, ka zo ka faɗa mana."

"In Allah ya so, ranka ya daɗe."

Suka sa takalma. Da babur ya wuce masallacin Juma'a, Kawu ya yi kira daga baya.

"Munzali."

"Na'am, Kawu."

"Kana ganin za su daɗe ba su naɗa ba?"

"Za su daɗe."

"Har damina?"

"Har bayan damina."

Kawu ya gyara hularsa da iska take neman ɗauka.

"To bi ta kasuwa. Dusa ta ƙare."