Sunan da Ke Saman Littafi

Ni Bawa makanike ne a Gaya, gyaran kamyo, manyan motocin kaya, nake yi a bakin hanyar gada. Ban san komai a kimiyyar fizik ba, amma na san rabin kayan da ƙanena Harouna ke koyar da ita a jami'a daga bolar garejina suka fito. Shekara ashirin da biyu, duk hutu sai ya zo ya tsuguna cikin baƙin mai yana tsintar waya, tsohon batir da maganaɗisun lasifika. Mu yanke, mu yi walda, ya ɗaure a kwali ya tafi, wai don 'yan shekarar farko su taɓa da hannunsu abin da ake rubuta musu a allo. Garin haka ƙarfe ya taɓa tsage masa bayan hannu, ya bar masa tabo kamar lauje.

Da ya tara gwaje-gwajen nan ya yi littafi, sai na ga sunan wani Farfesa Sagiru a sama, nasa a ƙasa.

"Wane ne wanga? Ban taɓa ganinai a gareji ba."

"Shugaban sashenmu ne, Yaya. Haka ake yi, ba a shiga gaban babba."

Na ce to, Allah ya ba da lada.

Bana wata ƙungiyar malaman kimiyya ta ce za ta karrama wanda ya fi iya koyar da fizik. Saura shekara guda Harouna ya ajiye aiki. Mutumin da ko ruwa bai iya roƙo ba, sai ga shi yana gaya mini a waya cewa yana son kyautar nan, ko don 'ya'yansa su ga abin da ya cinye masa ƙuruciya. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta aika wasiƙu, aka haɗa da littafin aka kai.

Alƙalan suka karanta, suka yaba, sannan suka duba bango. A wurinsu sunan farko shi ne mai aiki, shi suka ba kyautar. Farfesa kuma bai ce a'a ba, ya gyara hula ya karɓi barka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar biki ana son a nuna wa jama'a na'urorin da muka haɗa, Farfesa kuwa bai san inda ake kunna su ba. Ya kira Harouna.

"Kada ka tai," na ce. "Bar shi ya ji kunya."

"Yaya, in ya haɗa wayar ba daidai ba, ƙonewa za su yi. Da mi yaran baɗi za su koya?"

Ya tafi. Da la'asar aka turo mini hoto a waya: Farfesa da babbar riga yana dariya, lambar yabo a ƙirjinsa. Wanda ke riƙe da na'urar an yanke shi daga hoton, sai hannu kaɗai ya fito a gefe. Ban tambayi kowa ba, na gane tabon.