Kujera Kusa da Gangar Maɗi

Ranar da likita ta kwance bandejin ƙafar maigidana, ta daɗe tana kallon babban yatsan kafin ta ɗago. Ƙusa ce ya taka a wurin aiki, ɗan ciwo da bai kai a faɗa ba, amma ya ƙi rufewa, gefensa har ya soma baƙi.

"Muddin sugansa na sama, ciwon nan ba zai warke ba," in ji ta. "In bai sauka ba, yatsan za mu cire. In aka yi sake, abin ya wuce yatsa."

Na fito daga asibitin ban san da wace ƙafa na taka ba.

Muna isa gida na shiga kicin kamar an aiko ni. Sukari, zuma, biskit, lemon kwalba, duk na tattara na miƙa wa maƙwabta. Burodin safe na soke shi. To me mutum zai karya da shi ya tafi aikin ƙarfi? Sai na ce nama. Na je kanti na jido sosej, niƙaƙƙen naman nan na leda, da naman gwangwani, kullum in soya masa, in zuba saura a kula ya tafi da shi. Har ina yabon kaina.

Kowace safiya in soki ɗan yatsan hannunsa, in ɗiga jinin a injin gwaji. Lambar ko gezau.

Muka koma asibiti. Likita ta tambayi abin da yake ci, na faɗa mata da ƙarfina. Sai ta ajiye biro ta dafe kai.

"Maman yara, sosej ai da sukari a ciki. Naman gwangwanin ma galibi haka."

"A nama? Likita, gishiri fa nake ji!"

"Suna sawa ne don launi da daɗin baki, ga garin sitaci da ake cika shi da shi. Gishirin ne ke rufe zaƙin."

Ikon Allah! Ashe da hannuna nake soya masa abin da na raba wa maƙwabta. Na dawo na kwashe gwangwanayen, na koma ganye da wake da ɗanyen nama daga mahauci. Lambar ta ɗan sunkuyo, sai kuma ta tsaya cak.

Nan fa na koma ɗan sanda a gidana. Na laluba aljihunsa. Na shinshina bakinsa da sunan gyara masa wuyan riga. Ƙanwarsa ta zo dubiya da leda a hannu, na tare ta a ƙofa na buɗe, ashe sabulu ne, har yau ba ta gama hucewa ba.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah ka faɗa min. Me kake ci a waje?"

"Wallahi in ban da abin da kika zuba min a kula, ba na cin komai."

Kuma mutumin nan ba ya ƙarya. Shekarun da muka yi tare, ko ta wasa bai iya ba, kunnuwansa ke tona shi.

Sai wani tunani ya faɗo min. A kamfanin haɗa abincin dabbobi yake aiki, kuma na taɓa jin ya ce suna zuba wa abincin shanu wani abu mai zaƙi. To saniya ta ci zaƙi, mu mu ci saniya, ina zaƙin zai tafi? Na soke naman shanu. Na soke madara. Na tsaya ina kallon ƙwai, na ce kaza ma wa ya san me ta ci, na soke shi. Bawan Allah ya koma cin kabeji kamar zomo.

Na kai wa likita wannan basira tawa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai zaƙin da dabba ta ci jikinta ke ƙone shi, ba ya zama a nama. Na ce to tsaya. Naman da ya ci zaƙi babu sukari, naman da ke da gishiri shi ne mai sukari? Ta ce haka ne. Na fito kaina ya fi na da kullewa, ga yatsa sai ƙara baƙi yake.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk ranar da ya wuni a gida, washegari lambar sai ta sauko. Ya koma aiki, ta haye. Na ce shi ke nan, mai sayar da abinci ce a bakin kamfani take ɗura masa wani abu. Na ƙi ba shi kular da safe, na ce zan kawo masa da rana da zafinta.

Babu wata mai abinci a bakin ƙofar. Maigadi ya nuna min wata doguwar rumfa. Ƙarar inji kamar za ta fasa kunne, ƙurar dusa ta yi wa kowa fari fat har gashin ido, majiya ƙarfi na ta sauke buhuna daga mota suna hawa wani katako da su a ka. A can ƙarshe na hango shi zaune a kujerar roba, ya ɗora ƙafar a kan bulo, ga ganguna jere a gabansa. Wani ya buɗe ɗaya. Maigidana ya tsoma dogon cokali, ya ɗebo wani abu baƙi mai yauƙi, ya kai baki, ya lumshe ido, ya haɗiye. Ya gyaɗa kai, aka gangara da gangar wajen inji.

Kular ta kusa suɓuce min.

"Baban yara! Mene ne wannan?"

"A'a, kin iso? Maɗi ne, ragowar ruwan rake in an gama yin sukari. Shi ake cuɗa dusar da shi."

"Shi kake sha?"

"Wane irin sha? Dubawa nake. In ya yi tsami aka zuba, abincin duka ya lalace, shanu su kumbura."

"Ka rantse min ba ka cin komai!"

Ya dube ni da gaskiyarsa, kunnuwan nan ko motsi. "To ai ba ci ba ne. Aiki ne."

Na dubi gangunan da aka riga aka buɗe, na dubi waɗanda ke jira, layi har bango. Na ce to ya riƙa tofarwa mana. Ya ce tsamin ba a harshe yake fitowa ba, sai a maƙogwaro, bayan an haɗiye.

Ana haka sai ga manaja, ya gaishe ni da fara'a har da rusunawa.

"Hajiya, kin ga yadda muke lallaɓa Baba ko? Da can dako yake yi. Tun da ƙafar ta soma ciwo na ce haram ya ƙara ɗaukar buhu. A da kowa ke ɗanɗana gangar da ya buɗe, sai na tattara duka na ba shi, ya zauna ya huta har ya warke."

Yana jira in yi godiya. Wallahi na so in yi, na kuma so in kwaɗa masa kular. Na daure na faɗa masa abin da likita ta ce. Fara'ar ta gudu daga fuskarsa, ya yi salati, ya sosa ƙeya.

"To Hajiya, aikin zaune a nan shi ke nan guda ɗaya. In ba wannan ba, sai dai buhu."

Duk muka juya muka kalli katakon da masu dako ke hawa. Sannan muka kalli ƙafar da ke kan bulo.

"Baba, an buɗe sabuwa!" wani ya ƙwala daga bakin inji.

Maigidana ya ɗaga cokalin, ya tsaya, yana kallona. Ban san sanda na fizge shi ba. Na tsoma, na kai bakina, na haɗiye. Ya bi maƙogwarona da kauri, na tsaya ina saurare ko zan ji wani abu.

"Ya yi tsami?" ya tambaye ni a hankali.

Inji na ta juyawa babu komai a ciki, mutane sun tsaya suna jira. Hawaye ya cika min ido.

"Ban sani ba, Baban yara," na ce. "Ni zaƙi kawai na ji."