Mataki Sittin, Babu Sunana

Shekara biyu maigidana ya yi yana haɗa wasan waya a kan teburin cin abincinmu. Shi ne mai zane, shi ne makaɗi, shi ne mai rubuta manhaja. Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne: bishiya tana bushewa a ƙasa, famfo a sama, kai kuma kana jujjuya bututu har ruwa ya isa gare ta. Tsara matakan wasan, wato jarrabawoyin da ake hayewa ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya gagare shi. Nasa ko dai su yi sauƙin da za ka warware ido a rufe, ko su zama ba su da mafita sam.

Ni malamar lissafi ce. Wata rana tausayi ya kama ni, na juya bayan takardar jarrabawa na zana masa guda ɗaya. Ashe wuyana na miƙa. Mataki sittin na tsara, a ofishin malamai, a layin asibiti, a kicin tukunya tana kan wuta. Kowanne daga bishiya nake farawa in koma baya zuwa famfo, don in tabbatar hanya ɗaya tak ce ke ɓullewa.

Da wasan ya fito, da araha ya sa shi, mutane suka sauke. Wani mai sharhin wasanni ya rubuta cewa kiɗan kamar sauro ne a kunne, maɓallan sun yi ƙanana, kuma wasan yana maƙalewa a tsohuwar waya. Amma matakan, in ji shi, wanda ya tsara su ya san yadda ake wahalar da mutum ba tare da an wulaƙanta shi ba.

Maigida ya karanta min wannan layin sau uku, yana shafa gemu. Na sauron bai karanta ba, ni na gani da idona.

Na buɗe shafin sunayen waɗanda suka yi aikin. Sunansa sau huɗu. Can ƙasa, da ƙananan haruffa: "Godiya ga iyalina bisa haƙurinsu." Wallahi ya yi min ciwo, har yau kuma bai daina ba.

"Baban yara, ina sunana?"

"Haba Malama, ni da ke akwai bambanci ne? Zan gyara in na sabunta."

Sau biyu ya sabunta. Maɓallan ya gyara.

Ranar Asabar da hantsi ya shigo kicin yana washe baki. Wani kamfani ya tuntuɓe shi. Ba sa son kiɗan, ba sa son zanen, mai tsara matakan suke so ya yi musu aiki. Sabbin matakai ashirin kafin ƙarshen wata.

"Ka gaya musu wace ce?"

"Kin san mutanen nan, mutum ɗaya suke son gani. Kada mu rikita su tun yanzu."

Ya ajiye min takardu da fensir kusa da albasar da nake yankawa. Na wanke hannu, na share teburin, na jawo masa kujera. Na saka fensirin a hannunsa.

"Bismillah, mai tsara matakai."

Ya yi dariya, yana jira ni ma in yi. Na koma kan albasata. Har na sauke tukunya, famfo kawai ya zana.