Gishirin Gidan Alhaji Sulaimanu

Abin da ya fi ci wa Mairamu rai shi ne ruwan bai nuna komai ba. Garau yake, har ana ganin tayal ɗin ƙasa. Da ya yi kore ko ya yi wari, ai da ba ta bar 'yar kowa ta tsoma ko yatsa ba.

Otal ɗin na gidansu ne a Garwa, yayanta Alhaji Sulaimanu ke riƙe da shi. A bayansa akwai fisin, wato kwamin iyo, da wani inji da Émile mai gyara ya kafa. A zuba farin gishiri mai tsabta a ruwa, lantarki ya bi ta cikinsa, ya mai da shi sinadarin jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Shi ke nan aikin.

Tun shekarar da kwale-kwale ya kife da 'yan makaranta a Binuwai, Mairamu ta ƙwace fisin ɗin duk safiyar Asabar, tana koya wa 'yan mata iyo. Gida-gida ta bi, ta sha baƙar magana har ta ƙoshi. Wadda ta fi ba ta wuya ita ce Asta, Bafulatanar ƙetaren kogi, wadda babbar 'yarta ta rasu a kwale-kwalen nan. Sai da Mairamu ta dafa ƙirji ta ce a wuyanta, sannan Asta ta ba da ƙaramar, Fanta.

To, Fanta ta fara iya kwanciya a kan ruwa ke nan, sai yaran suka tashi da ido jajawur, wasu kunne na ruwa, wasu da zawo. Mairamu ta kira Émile. Ya buɗe injin, ya tarar da ƙarafansa sun yi ɓawo fari kamar gindin tsohuwar buta. Ya ce injin ya daɗe da daina aiki, ya tambayi irin gishirin da ake zubawa. A sito suka ga amsa: buhunan manda, gishirin shanu, kanwa da yashi duk a ciki. Jar fitilar gargaɗin ma, wani mai dabara ya liƙe ta da filasta.

Ai kuwa ta san mai dabarar. Gidansu gidan fataken gishiri ne tun kakanni, kuma an gaji cewa ba a sayen gishiri a waje, ko na miya. A wurin Alhaji, a ga yaronsa a shagon wani yana ɗaukar buhun gishiri, gara a mare shi a tsakiyar kasuwa.

A rumfarsa ta same shi, ya miƙe ƙafa yana shan shayi. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Yaya, gishirin shanu ka zuba wa 'ya'yan mutane?"

Ya ce gishiri ai gishiri ne, wannan ya riƙe gidansu tun ba a haifi uban mai injin ba. Fitilar kuwa baƙi ke ta tambaya, shi ya sa ya rufe ta. Ciwon ido kuma, a cewarsa, yayinsa ake yi.

"Amanar yaran nan na ɗauka da bakina," in ji ta. "Kai kuma kana can kana tsare mutuncin buhu."

Ya ce ta iya bakinta, a gaban mutane suke.

Aka kwashe ruwan, aka wanke inji, ita da kanta ta shiga shagon wani ta sayo farin gishiri, ta ratsa da shi ta gaban rumfar yayan nata a kan babur. Amma ran Asabar ba yarinyar da ta zo.

Ta je bakin kogi neman Asta. Matar ta saurare ta har ƙarshe, ba zagi ba tsawa, abin da ya fi zagin ciwo.

"Adda, kin ce a wuyanki," kawai ta ce.

Ran Litinin da safe Mairamu ta sake komawa mashigi. Kogi ya kawo, ja wur, yana tafe da itatuwa. Can ta hango kwale-kwalen 'yan makaranta maƙil, ga Fanta a tsakiya, idonta a kumbure, ta ƙanƙame gefen katako da hannu biyu. Kwanciya a kan ruwa kaɗai aka kai ga koya mata. Yadda ake kai gaɓa kuwa, Asabar ɗin da ba wadda ta zo aka shirya farawa.