Zane Biyar, 'Ya'ya Shida

Sumayya ce babba, don haka maganar bindigar ta faɗo a wuyanta. 'Yar bindigar toka ce ta hannu, wadda wani Baturen kuza ya bar wa kakansu. Marigayi babansu kan harba ta sau ɗaya ranar sunan kowane ɗa, sannan ya ɗauki magagari ya yi zane a jikin bututun. To ga matar ƙaninta Abdulfatah ta sauka, suna jibi, bututu kuwa ya cinye ta ciki har ba mai gigin ɗura masa albarushi.

Abdulfatah, sarkin gaggawa, cewa ya yi a cire a sa sabo kawai. Sumayya ba ta musa ba, kuma ba don komai ba sai don wani tsohon ciwo. Su shida ne, zanen biyar. Tun tana 'yar firamare ta ƙirga, ta yanke wa kanta cewa ita ce Baba bai yi wa ba, don ya so namiji aka haifi mace. Shekara arba'in tana haɗiye wannan.

Ta naɗe bindigar a ɗankwali ta kai unguwar Dilimi, wurin Malam Lukuman maƙeri, aminin babanta.

Tsoho ya leƙa bututun ta hasken ƙofa, ya yi tsaki. "Hanya biyu ce, 'yata. Ko in sa sabo, gobe ki karɓa. Ko in rarake wannan in zura masa siririn bututu a ciki, bayansa na nan yadda mai shi ya bari. Wannan sai na kwana biyu a kai, sai bayan suna."

"A sa sabo, Baba. Zanen ma ai bai cika ba."

"Bai cika ba? Inji wa?"

"Biyar ne. Babu nawa."

Malam Lukuman ya saki baki. "Kai, yaran nan! Da kika ƙirga, wa kika tambaya?" Ya kamo hannunta, ya ɗora babban yatsanta a gindin bututun, inda ƙarfen ya yi sumul yana ƙyalli. "Shafa a hankali."

Ta shafa. Can ta ji wani ɗan kwari, da ƙyar fata ke gane shi.

"Da magagarina ya yi zanenki, ina tsaye. Shi ne na farko, ya fi duka zurfi. Duk zaman da zai yi a nan, yatsansa na kai yana murzawa, yana ba ni labarinki har in gaji. Yatsan ne ya cinye shi."

Wallahi Sumayya ba ta san sanda ta zauna kan buhun gawayi ba. Kewar babanta ta taso mata, ta yi kuka sosai, tsoho ya ƙyale ta.

Da ta share ido ta ce, "Baba, a zura na cikin. Abdulfatah ya jira."