Dunduniyar Rabo

Wanda ya ga Yaya Rabo a rumfar fawa ta kasuwar Dogon Dutsi yana yanka nama, ba zai taɓa cewa ɗan dambe ne ba. Siriri ne kamar karan gero, kafaɗun nan ba abin a zo a gani. Amma tun da ya fara ɗaure hannu gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a fili ba, kuma a dambe da zarar gwiwa ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan. Gidanmu ba shanu, ba sarauta. Wannan sunan shi ne abin da muke taƙama da shi.

Ni Kaltume ƙanwarsa ce, kuma ni nake dama masa fura, saboda haka a gabana aka yi komai.

Da kakar da ta biyo bayan tafiyar Turawa wani ƙato ya yi sallama a zaurenmu. Ɗantala, mai haƙar rijiya daga Dumega. Sai da ya karkata kafin ya shigo, don ƙirjinsa ya fi ƙofar faɗi. Ya durƙusa gaban Rabo kamar zai yi kuka.

"Maigida, ga ƙarhi Allah ya ba ni, amma in na naushi mutum sai shi yi dariya. Mi ke damuna?"

Rabo ya matsa damtsensa, ya yi murmushi. "Ƙarhin jan guga daban, na bugu daban. Kai turi kake yi. Tashi ka gani."

Ya fita da shi bayan gida inda ya rataye buhun yashi a jikin aduwa. Ya ce masa ya daina kallon hannu, ya dubi ƙafa. Dunduniyar Rabo ta baya ta ɗaga, ta juya, ƙugu ya bi ta, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne na ƙarshe. Buhun ya yi tim! har yashi ya zubo. Ɗantala ya saka iya ƙarfinsa, buhun ya ɗan yi lilo kawai. Na yi dariya har ludayi ya faɗi daga hannuna.

Haka ya tare a gidanmu. Ci kuwa, Allah ya kiyaye! Ƙwarya guda ba ta isarsa, ni ce da daka har tafina ya yi kanta. Rabo ya koya masa sakin jiki, ya koya masa kada ya ƙanƙame damtse sai hannu ya isa. Rannan na ji da kunnena yana gaya masa abin da ko makaɗinsa bai sani ba.

"Kowa hannuna shike kallo. Amma in dunduniyata ta tashi, garkuwata na sauka kaɗan. Nan kaɗai aka iya samuna."

Garkuwa ita ce hannun hagu da ake kare fuska da shi. Da yamma na ce, "Yaya, wannan ba abin hwaɗi ba ne." Ya ce in bar shi, ai yaron gida ba ya dambe da maigidansa. Haka al'ada take, ni ma na sani.

Kaka ta zagayo, aka yi shelar bikin Jamhuriya. Sabon kumandan, wato mai mulkin yankinmu, ya ce a yi dambe, wanda ya gagara za a tafi da shi Yamai, babban birni. Ranar da safe Ɗantala ya sha furarsa, ya suɗe ludayi, ya fita. Da muka isa fili sai ga shi tsaye cikin mutanen Dumega, wani ne ma yake ɗaure masa hannu. Wai ya tuna da garinsu.

Kalangu ya ɗauka. Ɗantala ya ratso fili, ya wuce kowa, ya miƙa wa Rabo hannu. Rabo ya daɗe yana kallonsa, amma ɗan dambe ba ya ƙin kira a gaban jama'a. Ya tashi.

Ni kaɗai a filin nan na lura da idon Ɗantala. Ba fuska yake kallo ba, ba hannu ba. Ƙasa yake kallo. Suka zagaya juna, dunduniyar Rabo ta ɗaga, kafin ta gama juyawa ta Ɗantala ta riga ta juya. Irin bugun Rabo ne sak, amma daga jikin da ya ninka nasa. Yayana ya zube, ba gwiwa kaɗai ba, har fuska.

Aka yi ta guɗa. Makaɗa suka koma wasa Ɗantala, suna yabon ƙirjinsa da damtsensa. Kumandan ya tambaye shi wa ya koya masa, ya buga ƙirji ya ce, "Ranka shi daɗe, da shi anka haife ni." Ina tsugune ina share wa Rabo jini da bakin zanena, ina ji. Wallahi da da tabarya a hannuna, da Yamai ba ta gan shi ba.

Rabo ya warke, amma bai ƙara ɗaure hannu ba. Ya kwance buhun daga jikin aduwa, ya juye yashin a turken awaki. Bai taɓa zagin Ɗantala ba, ni na zage shi na mutum biyu.

Har ya tsufa samari ba su daina zuwa rumfarsa ba, su durƙusa su tambaye shi inda ƙarfin bugu yake. Sai ya ci gaba da wasa wuƙarsa, ko ɗaga kai ba ya yi.

"Ga damtse shike," in ji shi. "Ku tahi ku ci tuwo."