Waƙafin Da Ya Shanye Tafki

Kwana tara injiniya Rahinatu ta yi a dajin Belbeji tana auna tudu da kwari, don a san inda za a haƙa wa makiyaya tafki kafin damina. Shugabanta Almustafa, wanda ƙarangiya ba ta taɓa kama wandonsa ba, ya zuba lambobinta cikin manhajar da ya haɗa, mai zana taswira da kanta. Cikin minti biyu ta nuna wuri, gabas da rijiya.

Rahinatu ta kai dattijo Rissa, mai raƙuma, ya ga wurin. Ya taɓe baki.

"Ɗiyata, nan raƙumana ke kwana in an yi ruwa, don kar su jiƙe. Tudu ne."

Ta koma ta buɗe lambobin, sai ta gano inda matsalar take. Ita da waƙafi ta rubuta mita 452,80, yadda aka koya wa kowa a makaranta, manhajar kuwa ɗigo kaɗai ta sani. Duk abin da ya biyo bayan waƙafi ta watsar, 452,80 da 452,10 suka zama ɗaya. A ƙasar da ke shimfiɗe kamar tabarma, santimita saba'in ɗin nan su ne bambancin tudu da kwari.

Ta gyara, ta fitar da sabuwar taswira ta ajiye wa Almustafa.

"Ranka ya daɗe, waƙafi ne ya ɓata aikin. Yamma da rijiya ya kamata. Rissa mai raƙuma ma ya ce gabas tudu ne."

"An buga hatimi a Damagaram, katafila ta taso," in ji shi. "Mai kiwon raƙumi zai gyara mani lissafi?"

Da azahar ta tarar ya baza kilishi a kan taswirar, mai ya jiƙa kwarin.

An haƙa a gabas, damina ta yi kyau, ruwa ya malala yamma abinsa ya ƙafe. Tun kaka ramin ya tsage. Rahoton Almustafa ya ce mai awo ce ta yi kuskure.

Ran da ta koma Belbeji, ta iske Rissa ya ɗaure kaya zai yi kudu neman ruwa. Bai zage ta ba, har nono ya miƙa mata, ta kasa sha. A bakin busasshen ramin an kafa allo mai sabon fenti: "Zurfi 3,50 m." Nan dai ba su manta da waƙafin ba. Ta tofa wa allon yawu.